Kwangila da jami'a: wace ƙofa ake bi, kuma sa hannun wa ke ɗaure jami'a?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Ina neman haske wajen waɗanda suka san aikin biro. Ɗan kasuwa a nan Maraɗi yana son ya riƙa kai wa jami'a kaya, irin su takardar bugu da tawadar inji da kujeru. Wasu sun ce wajen shugaban tsangaya zai je, wasu sun ce sai sakatare janar, wani ma cewa ya yi CROU, hukumar kula da walwalar ɗalibai. Wane biro ne takamaimai ke riƙe da maganar kwangila?

Baba Limanci: Wa alaikumus salam ɗana. Babu biro guda da ke riƙe da duka. Abin da takardar ta ƙunsa shi ke nuna ƙofar da za a bi. Sayen kaya da gini da gyara, wannan na sashen kuɗi da kayan aiki ne tare da masu kula da marshe, wato kwangilolin gwamnati. Ɗaukar ma'aikaci, sashen ma'aikata. Yarjejeniya da wata jami'a ko masu ba da tallafin bincike, sashen hulɗa da waje da ɓangaren bincike. Sitaj ɗin ɗalibi, tsangayarsa. Abinci da makwanci da motocin ɗalibai kuwa ba na shugabancin jami'a ba ne sam. CROU ma'aikata ce daban, da daraktanta da kasafin kuɗinta. Wanda ya kai shinkafa gidan cin abincin ɗalibai ya tafi neman kuɗinsa a sashen kuɗin jami'a ya ɓata ƙafa.

Abin da ya haɗa su duka shi ne sa hannu. A jami'ar gwamnati, shugaban jami'a ne mai ba da umarnin kashe kuɗi. Wani ba ya ɗaure jami'a da alƙalaminsa sai in shugaban ya wakilta shi a rubuce, kuma takardar wakilcin takan faɗi iyakar abin da aka ba shi.

Malam Zariya: Baba, a nan ina da ja. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da tsangayar kimiyya da fasaha, da ta noma da muhalli, da ta kiwon lafiya, ga kuma IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'ar. A ce kowace kwalbar tawada sai ta hau teburin shugaban jami'a? Shugabannin tsangaya suna da abin da suke juyawa, kuma su suka san abin da ɗakin gwaji ke buƙata.

Baba Limanci: Ba mu saɓa ba Malam. Buƙata daga tsangaya take tasowa, wannan haka yake. Amma bayyana buƙata daban, ɗaure kuɗi daban. Shugaban sashe yana rubuta cewa yana son rim 200 na takarda, ya faɗi girma da nauyi. Takardar ta je sashen kuɗi, a duba ko akwai layin da za a ɗora ta a kasafin bana, kuma ko da sauran kuɗi a layin. Daga nan mai binciken kashe kuɗi, wanda ake ce wa kwantirola, ya sa biza. Sai an yi wannan kafin bon komand, wato takardar odar kaya, ya fito da lamba da kwanan wata da hatimi. Ko inda aka ba shugaban tsangaya ikon sa hannu kan ƙananan sayayya, wannan hanyar zai bi. Ɗan kasuwa bon ɗin zai nema, ba kiran waya ba.

Hajiya Bagalam: A ja layi ƙarƙashin wannan magana ta Baba, don nan ne dukiyar mutane ke maƙalewa. Wani mai muƙami ya ce "Alhaji kawo kaya, ana gaggawa, takarda za ta biyo baya." Alhaji ya kai saboda kunya ko kwaɗayin kada wani ya riga shi. Ranar biya, ajan kontabul, wato mai riƙe da kuɗin jami'a, ya buɗe dosiye ya ga kwanan watan takardar kai kaya ya riga na bon komand, ko babu bon ɗin gaba ɗaya. Ba zai biya ba, kuma ba mugunta ba ce. Doka ta raba mai ba da umarni da mai riƙe da kuɗi, kuma in ajan kontabul ya biya abin da bai cika sharaɗi ba, daga aljihunsa za a nema. Ba wanda zai sayar da gidansa don ya faranta maka.

Kuɗin gwamnati mataki huɗu yake bi kafin ya fita: a ɗaure shi, a tabbatar an yi aikin a kuma ƙididdige abin da ake bin ma'aikata, shugaba ya ba da umarnin biya, sannan kontabul ya biya. Duk dosiyen da ya tsaya, a ɗaya daga cikin huɗun nan ya tsaya. Maimakon "ina kuɗina?", tambayi "a wane mataki yake, kuma wace takarda ta rage?" Amsar takan fito nan take.

Ɗan Mokoyo: Hajiya, to waɗanne takardu ne mutum zai tanada tun kafin ya tunkare su?

Hajiya Bagalam: Rajistar kasuwanci, wato RCCM. Lambar haraji, NIF. Takardar gidan lanho mai shaida cewa ba a bin ka komai, ARF, kuma a duba kwananta domin tana da wa'adi, akwai dosiyen da ake jefarwa don ARF ɗinsu ta mutu kwana kaɗan kafin ranar buɗe ambulan ɗin masu neman kwangila. In kana da ma'aikata, takardar CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, da ta sufeton aiki. Sai asusun banki da sunan kamfanin, ba da sunan ɗanka ko ƙanenka ba. Sunan da ke kan NIF da na kan faktir da na kan asusu su zama ɗaya harafi da harafi. Faktir kuma ta zama mai shaidar gidan lanho, wadda na'urar SECeF ke fitarwa. Ta hannu da aka cike a littafin kanti ba ta wucewa.

Sai lissafin TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, wadda take kashi 19 cikin 100. Kayan miliyan 2 ba tare da haraji ba, TVA ɗinsu 380,000 ce, jimla 2,380,000. Wannan 380,000 ba ribarka ba ce, ta baitulmali ce, kuma ma'aikatun gwamnati sukan cire haraji tun daga tushe su ba ka takardar shaidar cirewa. Ka karɓi takardar nan ka adana, da ita za ka kare kanka gaban masu lanho. Wanda ya ba da farashi bai faɗi ko da haraji ko babu ba, shi ya jawo wa kansa gardama.

Alhajin Sabon Gari: Duk wannan mun ji. Amma gaskiya tsarin nan manyan ƴan kasuwa yake yi wa aiki. Mai ƙaramin jari ba zai iya zuba kaya ya zauna jiran wata biyu ko fiye ba. Ga kuɗin rajistar marshe a gidan lanho, ga kosiyon, wato lamunin banki. Da za a riƙa rarraba sayayya ƙanana-ƙanana, da kowa ya samu.

Baba Limanci: Alhaji, rarrabawa iri biyu ce, ɗaya halal ɗaya haram a dokar marshe. A raba babbar kwangila kashi-kashi a cikin sanarwa guda, kashin takarda daban, na kujeru daban, na kwamfuta daban, kowa ya nemi wanda yake iyawa, wannan doka ta yarda kuma shi ne ke taimakon ƙananan ƴan kasuwa. Amma a ɗauki sayayya guda a yanyanka ta bon biyar don kowane ya faɗo ƙasa da iyakar da ke wajabta gasa, wannan laifi ne, kuma masu bincike shi suke fara nema: kaya iri ɗaya, mai kawowa ɗaya, kwanaki kusa da juna. Gwamnati ce ke ƙayyade iyakokin kuɗin, na gini daban, na kaya daban, na aikin ƙwararru daban. Ƙasa da iyaka ana neman farashi wajen ƴan kasuwa aƙalla uku a gwada. Sama da ita sai sanarwa a fili, irin wadda ake gani a jaridar Le Sahel.

Wani abin da mutane ba su amfani da shi: kowace ma'aikata tana tsara jadawalin marshenta na shekara. Wanda ya duba shi tun farkon shekara ya san abin da ke tafe, ya sabunta takardunsa a kan lokaci.

Alhajin Sabon Gari: To in an buɗe ambulan aka ba wanda farashinsa ya fi naka tsada fa?

Baba Limanci: Mafi arha ba shi ke ci kai tsaye ba, sai mafi arha cikin waɗanda suka cika sharaɗi. Kana da haƙƙin a gaya maka dalilin da ya sa aka ajiye naka. In ba ka gamsu ba, ka fara rubuta ƙorafi ga ita ma'aikatar da ta ba da kwangilar, ka karɓi shaidar cewa takardar ta shiga hannunsu. In sun ƙi ko sun yi shiru, sai kwamitin sasanta rikici na ARCOP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, wadda a da ake kira ARMP. Wa'adin kwanakin aiki ne ƙalilan, da yatsun hannu ake ƙirga su. Wanda ya tsaya neman wanda zai yi masa magana, kafin ya waiwayo ƙofa ta rufe.

Injiniyan Ali Ɗan Sofo: Bari in shigo da ɓangaren gini, don shi ne ya fi cin mutane. A nan, bayan sashen marshe, akwai masu kula da gine-gine da kayan jami'a, wani lokaci da biron sa ido da aka ɗauko daga waje. Su ke auna aikin da aka yi su sa hannu kafin a biya kowane kashi.

Mu ɗauki kwangilar miliyan 40 a matsayin misali. Abansin fara aiki, kuɗin da ake ba ɗan kwangila tun farko, ba ya wuce kashi 30, wato miliyan 12, kuma sai da lamunin banki, sannan ana cire shi a hankali daga biyan da ke biyo baya. Lamunin kyakkyawan aiki ba ya wuce kashi 5. Abin da ake riƙewa har wa'adin garanti ya cika shi ma ba ya wuce kashi 5, wato miliyan 2, kuma a gini wa'adin yawanci shekara guda ne tsakanin karɓar wucin gadi da karɓar ƙarshe. Wanda ya lissafa ribarsa cikin wannan miliyan 2 zai jira damina ta wuce a kan rufinsa tukuna. In kwano ya yi yoyo ko bango ya tsage, da kuɗinsa zai gyara.

Wa'adi kuma daga takardar umarnin fara aiki yake soma gudu, ba daga ranar da ka ga dama ka kawo yashi ba. In kwangila ta ce tarar jinkiri ɗaya cikin 2000 ce kowace rana, a miliyan 40 jaka 20 ke nan kullum, wata guda 600,000. In jinkirin ba laifinka ba ne, misali ba a ba ka fili ba ko an canja zane, ka rubuta a ranar ka nemi takardar dakatar da wa'adi.

Babban ramin shi ne ƙarin aiki na baka. Ana zagaya gini wani babba ya ce a ƙara taga biyu, a ɗaga katanga. Ɗan kwangila ya yi. Babu wannan a debi, wato takardar ƙiyasin aikin, babu takardar ƙarin yarjejeniya, to babu layin da za a biya shi. Ƙarin ma yana da iyaka, in ya zarce kashi 30 na asalin kuɗin, sabuwar kwangila ake buɗewa.

Malam Zariya: Mu dawo kan mutane, Injiniya, ba siminti kaɗai ke cikin jami'a ba. Ana yawan cakuɗa abu uku. Malamin dindindin yana ƙarƙashin dokar malamai masu bincike, ƙarin girmansa kuma ta CAMES yake bi, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda cibiyarta ke Wagadugu. Ma'aikacin kwantiragi, kamar direba ko sakatariya ko mai gadin da jami'a ta ɗauka da kanta, yana ƙarƙashin dokar aiki ta 2012, sashen ma'aikata ke riƙe da dosiyensa. Na uku shi ne bakatar, mai koyarwa bisa awa. Shi ba albashi gare shi ba, awannin da ya koyar ake biya.

Hanyar kuɗin bakatar: sashe ya ba shi darasi a rubuce da adadin awanni, a rarrabe darasin aji da na atisaye da na ɗakin gwaji domin ba lissafinsu ɗaya ba. Kowace shiga aji a cike littafin darasi a sa hannu. Ƙarshen zango shugaban sashe ya tattara, shugaban tsangaya ya tabbatar, sannan ta tafi sashen kuɗi. Inda take lalacewa: an ba mutum awa 30 ya koyar da 45 ba tare da an sabunta takarda ba, ko littafin darasi ya ɓace, ko bai miƙa makin jarrabawa ba. Bakatar mai hankali yana ɗaukar hoton kowane shafi da ya sa wa hannu.

Ɗiyar Tibiri: Malam ya yi daidai, in ƙara kan na kwantiragi. Kwantiragi mai wa'adi a rubuce yake zama, ba ya wuce shekara 2, kuma sau ɗaya ake sabunta shi. In aka ci gaba da aiki da mutum bayan haka, doka na kallonsa a matsayin ma'aikacin da ba shi da wa'adi, kuma sallamarsa sai da dalili da haƙƙoƙi. Mafi ƙarancin albashi jaka 42 ne tun Janairun 2024. CNSS kuwa ma'aikaci na ba da kashi 5.25, mai ɗaukar aiki kashi 16.4. A albashin jaka 60, ana cire wa ma'aikaci 3,150, ma'aikata ta ƙara 9,840. Masu rubuta kasafin aikin bincike su ke yawan manta wannan kashi na biyu, sai a ɗauki matasa masu tattara bayanai a ƙauyuka, a zo biya a tarar kuɗin bai kai ba.

Masu shara da masu gadi da wani kamfani ya kawo, ba ma'aikatan jami'a ba ne. Jami'a da kamfanin ta yi kwangilar hidima, ta sashen marshe. Albashinsu da CNSS ɗinsu na wuyan kamfanin, ƙorafinsu kuma wajen sufeton aiki zai je.

Ɗan Mokoyo: Yaya, kin ambaci aikin bincike. Shi ma ta sashen marshe yake bi?

Ɗiyar Tibiri: A'a ƙanena, shi kuɗi ne ke shigowa, ba fita ba. Malami ya rubuta aiki kan gero ko wake ko zogale, wata ƙungiya ta amince za ta ba da kuɗi. Yarjejeniyar ba tsakanin malamin da ƙungiyar take ba, tsakanin jami'a da ƙungiyar take. Sashen hulɗa da waje da mataimakin shugaba mai kula da bincike su duba, sashen kuɗi ya duba kasafin, in akwai mai ba da shawara kan shari'a ya karanta, shugaban jami'a ya sa hannu. Malamin jagoran aiki ne kawai.

Wuraren da ake karantawa da idon basira: kason da jami'a za ta ɗauka na ɗawainiya, wuta da ruwa da ɗakin gwaji. Wanda zai mallaki mota da na'urori in aiki ya ƙare. Dokar sayayyar da za a bi, domin masu ba da kuɗi irin Bankin Duniya suna da tasu, kuma in yarjejeniya ta ce tasu za a bi, ita za a bi. Ranar da aka fara lissafa kashe kuɗi da ranar rufewa, domin duk abin da aka saya kwana ɗaya kafin ko bayan wa'adi, masu bincike za su ce a mayar. Sai irin kuɗin ƙasar da aka rubuta yarjejeniyar da shi. Yuro ba ta motsi a kan sefa, 655.957 ce kullum, amma dalar Amurka na hawa da sauka, kasafin da aka yi da ita yana iya ragewa a hannunka.

Malam Zariya: A nan ne malamai ke ƙorafi, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Mutum ya sha wahalar rubuta aiki, kuɗi ya shigo, damina ta kama, ana son iri da taki da man mota a makon nan, amma takarda na yawo daga tebur zuwa tebur. Shuka ba ta jiran biza. Gwajin gona in ya wuce makon shuka, shekara ta tafi.

Hajiya Bagalam: Gaskiya ne Malam, amma maganinsa na cikin tsarin, ba a tsallake shi ba. Akwai ƙaramin asusun abansi da ake buɗewa bisa ƙa'ida, a naɗa mai riƙe da shi a rubuce, a sa masa iyaka, yana kashewa yana kawo rasit ana mayar masa. Wanda ya san zai shuka a Yuni, a Maris yake neman wannan, ba ranar da hadari ya haɗu ba. Abin da ba ya gyaruwa shi ne kuɗin aiki ya sauka asusun malami na kansa. Ko bai ci ko dala ba, ba shi da hanyar wanke kansa.

Malam Zariya: Na yarda da rabi. Buɗe asusun ma sai ya bi teburan nan.

Ɗiyar Tibiri: Sauran abu biyu a bincike. In aikin zai fitar da wata fasaha, kamar injin sussuka ko hanyar adana hatsi, a rubuta tun farko wa ke da ita. Nijar na cikin OAPI, hukumar rajistar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai cibiya a Yawunde, rajista guda tana aiki a ƙasashe 17, kariyar kuma shekara 20 ce. Amma a ajiye takardar neman rajista kafin a buga sakamakon a mujalla ko a baje shi a taro, don abin da ya riga ya fita fili ba sabo ba ne. Na biyu, fitar da iri ko samfurin ƙasa ko na jini zuwa ɗakin gwajin waje yana son takardar yarjejeniyar miƙa samfur, wadda ta faɗi abin da za a yi da shi da yadda za a raba amfani, bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ga abin da ya shafi tsirrai da dabbobi. Binciken da ya taɓa lafiyar mutane kuma sai da amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa.

Injiniyan Ali Ɗan Sofo: Na sitaj gajere ne. Takarda ce mai sa hannu uku: makaranta, wurin da zai karɓi ɗalibi, da ɗalibin. A rubuta ranar farawa da gamawa, mai kula da shi a can, da wanda ke ɗauke da inshora in ya ji rauni. Ɗan IUT da za a tura wurin gini ko wajen wayar lantarki kada ya taka wurin kafin a sa hannu. Wannan a tsangaya ko wajen daraktan IUT ake gama shi.

Alhajin Sabon Gari: Mai son ya kafa rumfar fotokwafi ko shago cikin harabar fa?

Baba Limanci: Ya fara gano filin na wa ne. In cikin unguwar makwancin ɗalibai ne, CROU. In gefen azuzuwa ne, sakatare janar da masu kula da kayan jami'a. Izinin zama ne na wucin gadi, ba haya irin ta kasuwa ba, ana iya karɓe wurin in buƙata ta taso, don haka kada ya zuba bulo inda kwantena ta isa. A rubuta wa ke biyan wuta, in da hali ya sa ƙaramin kwantar nasa. Kuɗin wata kuma a kesu ake zubawa a karɓi kitansi mai lamba.

Ɗan Mokoyo: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe, bon ya fito, kaya na mota. Me zai yi a ranar?

Hajiya Bagalam: Ya kai su mangaza, ba biron wanda ya nema ba, a lokacin aiki. A ƙirga a gabansa, a gwada da abin da bon ya faɗa: in an rubuta takarda mai giram 80 ya kawo mai 70, za a mayar, in an rubuta tawada ta asali ya kawo ta cike, haka. Mai mangaza ya sa hannu da hatimi da kwanan wata a takardar kai kaya, kwafi ɗaya ya zauna hannunsa. In kayan masu yawa ne ko na'urori, kwamitin karɓa zai zauna ya rubuta takardar karɓa, ita ce shaidar an yi aiki. Sannan ya haɗa bon na asali da takardar kai kaya da takardar karɓa da faktir da ARF mai rai da lambar asusu, ya ajiye a biron karɓar wasiƙu, a buga masa lambar shiga a kan kwafinsa. Daga wannan ranar wa'adin biya ke fara ƙirguwa, kwana 60 ne a ƙa'idar marshe. Kuma ya yi ƙoƙari dosiyensa ya shiga kafin Nuwamba ta ƙare, domin shekarar kasafi 31 ga Disamba take rufewa, abin da bai samu shiga ba sai ya koma layin basussukan baya.